Kwalejin Al'umma da Garin da Ke Riƙe da Ita

Shirin faɗakarwa na wannan mako zai duba wani nau'in makarantar gaba da sakandare da ya kafu a Amurka, wanda ake kira kwalejin al'umma, kuma zai fi mai da hankali ga harkokin da ke gudana a wajen ɗakin darasi, wato labaran makarantar, da tarukanta, da irin zaman da ke tsakaninta da mutanen garin da take ciki. An zaɓi Kwalejin Birnin San Francisco, da ke jihar Kalifoniya, domin ta zama misali, saboda a tarihinta na baya-bayan nan an ga ƙarara abin da waɗannan harkoki ke tsinana wa makaranta a ranar da ta shiga tsaka mai wuya.

Kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce da ake gama karatunta cikin shekara biyu idan ɗalibi ya ba ta dukkan lokacinsa, kuma abin da ya fi bambanta ta da jami'a shi ne ƙofarta a buɗe take, domin wanda ya gama sakandare ba ya buƙatar cin wata jarrabawar shiga, a Kalifoniya ma duk wanda ya kai shekara 18 yana iya neman gurbi ko da ba shi da takardar sakandare. Wasu ɗaliban suna yin shekara biyun farko na digiri a can cikin rahusa, sannan su koma jami'a su ƙarasa. Wasu suna koyon sana'a ne kai tsaye, kamar aikin jinya, da gyaran mota, da girki, da aikin kashe gobara, yayin da wasu kuma ba takarda suke nema ba, sun zo ne su koyi Turanci ko sarrafa kwamfuta. Mai sauraro a Najeriya zai ga ta yi kama da kwalejin kimiyya da fasaha mai ba da ƙaramar difloma, sai dai akwai bambanci babba wajen mallaka, domin a jihohi da dama na Amurka mutanen yankin ne ke zaɓen masu kula da kwalejin, kuma wani kaso na kuɗin tafiyar da ita daga harajin gidajensu yake fitowa.

Ana danganta asalin wannan tsari da garin Joliet na jihar Illinois, inda a shekarar 1901 shugaban makarantar sakandaren garin, J. Stanley Brown, da shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper, suka shirya wa ɗalibai 6 karatun farkon jami'a a cikin ginin sakandaren, domin waɗanda ba su da halin barin gida. Sunan kwalejin al'umma kuwa ya bazu ne bayan rahoton wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947, ya ba da shawarar a kafa irin waɗannan makarantu a ko'ina, kusa da jama'a, a kan kuɗi kaɗan ko kyauta. A shekarun 1960 an buɗe ɗaruruwansu, kuma a yau jihar Kalifoniya kaɗai tana da 116, inda ɗan jiha ke biyan dala 46 a kan kowane yunit, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin darasi da shi, alhali cikakkiyar shaidar shekara biyu tana buƙatar yunit 60.

Kafin a fahimci muhimmancin taruka da labarai a irin wannan makaranta, sai an san su wane ne ɗalibanta. Mafi yawan kwalejojin al'umma ba su da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma mafi yawan ɗaliban ba cikakken lokaci suke karatu ba, domin suna aiki, da yawa suna da 'ya'ya, da yawa kuma su ne na farko a gidansu da suka taka makarantar gaba da sakandare. Ɗalibin jami'a da ke kwana a harabar makaranta yana tsintar labari ba tare da ya nema ba, a ɗakin cin abinci ko a bakin abokin ɗaki, amma ɗalibin kwalejin al'umma yakan sauka daga bas, ya shiga aji, ya fito da gudu domin kada ya makara wurin aiki, har zangon karatu ya ƙare bai san sunan na kusa da shi ba. Malaman su ma galibinsu na wucin gadi ne, ana biyansu gwargwadon darasin da suka koyar, wasu suna zirga-zirga tsakanin kwaleji biyu ko uku a mako guda. Saboda haka zumuncin da ke tsirowa da kansa a jami'a, a nan sai an shuka shi da gangan, kuma wannan ne ya sa jerin tarukan kwalejin al'umma ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci fiye da yadda aka saba.

An kafa Kwalejin Birnin San Francisco a 1935, kuma ko da yake babbar harabarta tana kudancin birnin, ta buɗe cibiyoyi a unguwanni, ciki har da unguwar 'yan asalin Sin da unguwar Mission, inda masu magana da Sifaniyanci suka yi yawa. A waɗannan cibiyoyi ne ake gudanar da darussan da ba a ƙirga su cikin yunit, waɗanda kyauta ne, mafi girmansu kuma shi ne koyar da Turanci ga baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar. Ajin dare na irin wannan darasi abin dubawa ne. Mai wanke-wanke a gidan abinci yakan shigo da rigar aikinsa a cikin jaka, ya zauna kusa da dattijuwar da ta wuni tana renon jikoki, malami kuma ya rubuta a allo irin tambayoyin da likita ke yi wa marar lafiya, ko yadda ake cike takardar hayar gida, ko tambayoyin tarihi da tsarin mulki da ake yi wa mai neman zama ɗan ƙasa, su yi ta maimaitawa biyu-biyu. Da yawa daga cikin waɗannan azuzuwa ana iya shigarsu a tsakiyar zango, domin an san aikin talaka ba ya bin kalandar makaranta. Wanda ya koyi harshen ƙasa a irin wannan aji ba ya mantawa da makarantar, kuma bayan shekaru, idan ya sami takardar zama ɗan ƙasa, ya zama mai jefa ƙuri'a a birnin. Haka lamarin yake a unguwar Bronx ta birnin New York, inda kwalejojin Hostos da Bronx ke karɓar 'yan Afirka ta Yamma masu yawa, a yankin da Hausawan zangon Gana suka daɗe da zama.

Ta fuskar labarai, kwalejin tana da jaridar ɗalibai mai suna The Guardsman, wadda take fitowa tun shekarar da aka kafa makarantar, kuma ɗaliban sashen aikin jarida ne ke rubuta ta a matsayin wani ɓangare na karatunsu. Amfanin irin wannan jarida ya ƙaru a 'yan shekarun nan, domin jaridun ƙananan garuruwan Amurka da dama sun mutu ko sun rage ma'aikata, ta yadda a wasu wuraren ɗalibin da ke koyon aikin shi kaɗai ne ɗan jaridar da ke zama a taron hukumar kwaleji daga farko har ƙarshe. Baya ga jarida, akwai labaran da ba su da armashi a ido amma su ne ke yanke makomar ɗalibi: ranar ƙarshe ta cike takardar neman tallafin gwamnatin tarayya, wanda ake kira tallafin Pell tun 1980, da ranar ƙarshe ta janyewa daga darasi ba tare da an rubuta wa mutum faɗuwa ba, da ranar da wakilan jami'o'i za su zo su zauna a tebura suna bayyana darussan da za su amince da su. Ɗalibin da bai ji wannan bayani na ƙarshe ba yana iya shafe shekara yana tara yunit ɗin da jami'ar da yake so ba za ta karɓa ba.

Alƙaluma sun nuna girman wannan asara. Binciken cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na sababbin ɗalibai suna da burin samun digiri, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke komawa jami'a, kuma waɗanda ke samun digirin cikin shekara 6 ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Kuskure ne a ɗora wannan duka a kan ƙarancin basira, kuma hujja a kan haka ta fito daga birnin New York, inda a 2007 aka fara wani shiri mai suna ASAP, wanda ke ba ɗalibi katin shiga jirgin ƙasa da bas, da littattafai, da mai ba da shawara guda wanda wajibi ne a riƙa ganinsa a kai a kai, tare da haɗa ɗalibai rukuni-rukuni su riƙa ɗaukar darussa tare. Da aka auna shirin ta hanyar raba ɗalibai gida biyu da ƙuri'a, sai aka ga kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke ciki sun kammala cikin shekara 3, alhali a ɗaya rukunin kashi 22 ne. Darussan aji ba su canza ba, abin da ya canza shi ne kuɗin mota da kuma samun mutumin da zai lura idan ɗalibi ya daina zuwa.

Taruka kuwa iri biyu ne. Akwai waɗanda ake yi domin ɗalibai, kamar ranar baje kolin ƙungiyoyi a farkon zango, da ranar da kamfanoni ke zuwa ɗaukar ma'aikata, da buɗe-bakin da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi ke shiryawa a watan azumi a kwalejoji da yawa, da rabon kayan abinci, wanda ya zama ruwan dare bayan da bincike ya nuna cewa ɗalibai da dama suna shiga aji da yunwa. Akwai kuma waɗanda ke jawo mutanen gari da ba su da ɗa ko jika a makarantar. A San Francisco sashen girki da kula da baƙi, wanda aka fara a 1936, yana da wuraren cin abinci da ɗalibai ke dafawa su kuma yi hidima, kowa yana iya shiga ya saya. Ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kwalejin ta yi suna a tsakanin takwarorinta. Sannan kwalejin ce ke da mallakar wani katafaren zanen bango da mai zanen ƙasar Meziko, Diego Rivera, ya yi a 1940 a gaban 'yan kallo lokacin wani baje koli na duniya a birnin, mai faɗin kimanin mita 22 da tsayin da ya haura mita 6, wanda ya daɗe a ajiye saboda yaƙin duniya na biyu ya hana gina ɗakin karatun da aka yi shi dominsa, sai a 1961 aka kafa shi a zauren wasan kwaikwayon kwalejin. A can jihar Florida, Kwalejin Miami Dade ce ta fara bikin baje kolin littattafai na Miami a 1984, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar.

Taron da ya fi kowanne nauyi, ko da yake shi ne mafi ƙarancin 'yan kallo a ranakun lafiya, shi ne zaman kwamitin amintattu, wato mutanen da aka damƙa wa amanar dukiyar kwalejin da manufofinta. A San Francisco su 7 ne, masu jefa ƙuri'a na birnin ne ke zaɓensu, ana kuma ƙara musu wakilin ɗalibai guda. Wata dokar Kalifoniya ta 1953 ta wajabta wa irin wannan kwamiti ya yi zamansa a bainar jama'a, ya sanar da abin da zai tattauna tun kafin ranar, ya kuma ba jama'a damar magana. Mai son magana yakan ba da sunansa, a kira shi gaban lasifika, a kunna masa agogo na 'yan mintoci, kuma a nan ne ake ganin ɗalibar ajin Turanci riƙe da takardar da ta rubuta da hannunta tana karantawa a hankali, tana roƙon kada a rufe ajinta, shugaban makaranta yana zaune yana saurare har lokacinta ya cika. Wannan dama ba ƙaramin abu ba ce, ko da kuwa sau da yawa kwamitin yakan yi abin da ya riga ya ƙudurta.

A watan Yulin 2012 ne duk waɗannan harkoki suka fuskanci jarrabawa. A Amurka ba gwamnati ce ke tantance ingancin makarantun gaba da sakandare kai tsaye ba, akwai hukumomi masu zaman kansu da gwamnatin tarayya ta amince da su, kuma makarantar da ta rasa shaidar tantancewa ɗalibanta ba za su sami tallafin tarayya ba, jami'o'i ba za su karɓi sakamakonta ba, kuɗin jiha ma zai tsaya, wanda a aikace yake nufin rufewa. Hukumar da ke tantance kwalejojin yammacin ƙasar ta umarci kwalejin, mai ɗalibai kimanin 85,000 a lokacin, da ta kawo dalilin da zai hana a janye shaidarta, inda ta zarge ta da raunin tsarin kuɗi, da ƙarancin ajiyar ko-ta-kwana, da tafiyar hawainiya wajen yanke shawara. A watan Yulin 2013 hukumar ta yanke hukuncin janye shaidar daga ƙarshen Yulin 2014, hukumomin jiha kuma suka karɓe iko daga zaɓaɓɓen kwamitin amintattu suka damƙa shi ga mutum guda da suka naɗa. Adalci ne a faɗi cewa matsalolin kuɗin na gaske ne, domin kwalejin ta ci gaba da ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta bayan da jiha ta rage kasafi sakamakon durƙushewar tattalin arziki ta 2008. Amma mafi yawan ƙorafin bai shafi abin da ake koyarwa a aji ba, kuma rufe makarantar da ta fi kowace yawan ɗalibai a birnin hukunci ne da ya zarce laifin nesa ba kusa ba.

Martanin birnin ya zo ta hanyoyi da dama. A watan Nuwamban 2012, ana tsakiyar rikicin, masu jefa ƙuri'a suka amince da sabon haraji na dala 79 a shekara a kan kowane fili domin kwalejin, da rinjayen sama da kashi 70 cikin ɗari, alhali doka tana buƙatar kashi biyu cikin uku. Ɗalibai da malamai suka yi ta jerin gwano zuwa fadar magajin gari, jaridar ɗalibai tana bin lamarin mataki-mataki. A watan Agustan 2013 babban lauyan birnin, Dennis Herrera, ya maka hukumar tantancewar a kotu, a cikin watan ne kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sami hukumar ita kanta da saɓa wasu ƙa'idoji wajen binciken kwalejin. A farkon Janairun 2014 alƙali Curtis Karnow ya ba da umarnin dakatar da janye shaidar har sai an gama shari'a, bayan shekara guda kuma ya yanke cewa hukumar ba ta ba kwalejin cikakkiyar damar kare kanta ba. A Janairun 2017 aka sabunta shaidar na tsawon shekara 7. Ɗan siyasa ba ya shiga irin wannan faɗa sai ya tabbata jama'a na bayansa, jama'ar kuwa su ne waɗanda suka koyi Turanci a cibiyoyin unguwa, da ma'aikatan jinya da masu kashe gobara da suka yi horo a can, da waɗanda iyakar alaƙarsu da makarantar ita ce sun taɓa cin abincin ɗalibai ko sun kai 'ya'yansu kallon zanen Rivera.

A shekarar 2017 ɗin ce birnin ya ƙara mataki, ya fara biya wa mazaunansa kuɗin karatu a kwalejin, bayan masu ƙuri'a sun amince a 2016 da ƙarin haraji a kan cinikin gine-ginen da darajarsu ta haura dala miliyan 5. Wannan ya zo ne a lokacin da ra'ayin kwalejin al'umma kyauta ke yaɗuwa, domin jihar Tennessee ta kafa dokarta a 2014, Shugaba Barack Obama kuma ya gabatar da shawarar yin haka a faɗin ƙasa a 2015, ko da yake majalisar dokoki ba ta amince ba. A watan Maris na 2020 mutanen San Francisco suka sake amincewa kwalejin ta ciwo bashin dala miliyan 845 domin gyara gine-ginenta da gina sababbi.

Sai dai nasarar kotu ba ta mayar da abin da aka rasa ba. A shekarun da ake ta yaɗa labarin za a rufe makarantar, dubban ɗalibai sun ƙaurace mata, kuma tun da jiha tana biyan kwaleji ne gwargwadon yawan ɗalibanta, raguwar ɗalibai ta jawo raguwar kuɗi, ita kuma ta jawo soke darussa, wanda ya ƙara korar wasu ɗaliban. A watan Afrilun 2016 ƙungiyar malaman kwalejin ta yi yajin aiki na kwana ɗaya, na farko a tarihinta. A ƙarshen 2019 aka soke ɗaruruwan azuzuwa a lokaci guda, ciki har da mafi yawan darussan da aka keɓe wa tsofaffi, sannan annobar korona ta zo a 2020 ta rage ɗaliban kwalejojin al'umma a faɗin Amurka da kusan kashi 10 cikin ɗari a zango ɗaya, kuma a 2022 kwamitin amintattu ya sallami gomman malamai na dindindin.

Abin damuwa a cikin wannan zaftarewa shi ne inda wuƙar ke fara sauka. Tsarin rabon kuɗi da Kalifoniya ta ɗauka a 2018 ya ɗora wani kaso na kasafin kowace kwaleji a kan yawan waɗanda suka karɓi shaida ko suka koma jami'a, kuma akwai hikima a cikin haka, ganin yawan ɗaliban da ke ficewa hannu rabbana. Amma ajin zane na tsofaffi, da darasin kiɗa na yamma, da darasin da ma'aikaci ke ɗauka guda ɗaya domin ya gyara hannunsa a sana'a, ba sa haifar da takardar da za a ƙirga, don haka su ne shugabanni ke fara dubawa idan aljihu ya yi zafi, alhali masu zama a waɗannan azuzuwa suna cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar harajin 2012. Muhawara a kan wannan ba ta ƙare ba a birnin, tsakanin masu ganin kwalejin ta taƙaita ga abin da kuɗinta zai iya ɗauka da masu ganin ta ci gaba da zama ta kowa, kuma a watan Janairun 2024 hukumar tantancewar ta sake yi mata gargaɗi, wannan karon a kan yadda zaɓaɓɓen kwamitin amintattu ke yanke shawarar kashe kuɗi.